Yadda za ki koyar da yaro a gida ta hanyar abin da ransa ke so

Kafin ki sayi allo ko littafi, ki ɗauki mako biyu kina lura da yaronki kawai. Me yake yi idan ba wanda ya sa shi? Wace tambaya yake maimaitawa har ta gundure ki? Daga nan za ki fara. Sai dai ki bambance sha'awa da shagala. Yaron da ya wuni yana danna waya, wannan bidiyo na ƙarewa wancan na shigowa, bai nuna miki komai ba tukuna. Sha'awa ta gaskiya tana sa hannu aiki, tana jawo tambaya, kuma yaro yana komawa kanta ko da jiya ta ba shi wuya.

Babban ɗana tattabaru ne suka tafi da hankalinsa. A nan Tudun Wada ta Kaduna da wuya ki bi layi ba ki ga yaro mai kiwonsu ba, kuma yawancin iyaye ɓata lokaci suke ɗaukarsa. Ni na saya masa littafin rubutu mai bangon kwali, na ce sharaɗin kiwon ɗaya ne: komai ya shiga littafi. Ranar da aka yi ƙwai a rubuta, ranar ƙyanƙyasa a rubuta. Tattabara ƙwai biyu take yi, kwancinta kwana 18 ne ko kusa da haka, kuma karɓa-karɓa suke yi, namiji ya karɓi tsakiyar rana, mace ta kwana a kai. Ban faɗa masa ko ɗaya ba. Shi ya gano daga abin da ya rubuta da hannunsa, ya zo yana ba ni labari. Idan kin san amsa, 'yar'uwa, ki riƙe bakinki, ki ce masa "je ka duba ka gaya mini."

Lissafi da kansa ya shigo. Nawa ne mudun dawa, kwana nawa yake yi musu, nawa ake sayen 'yan shila a kasuwar Kawo ranar Talata, riba aka ci ko faɗuwa aka yi? Yaron da ake fama da shi a kan rabawa sai ga shi yana rabawa har da ragowa, saboda kuɗinsa ne a ciki. Da ya ga iyayen suna ɗura wa jariran wani farin abu mai kauri daga maƙoshinsu, sai muka shiga batun yadda tsuntsu ke narka abinci, muka kwashe mako guda a kai. Kowace Alhamis yana rubuta mini shafi ɗaya a kan abin da ya gani, da Hausa tukuna, sannan ya mayar da shi Turanci. Kada ki tsallake Hausar. Wanda bai iya tsara magana da harshen da yake tunani da shi ba, Turancinsa ma a hargitse zai fito.

To haka za ki yi da kowace sha'awa: ki tatso karatu, rubutu da lissafi daga cikinta. Ƙanwarsa ɗinki take so. Yadi ɗaya inci 36 ne, rabi 18, kwata 9, kuma a kan tef ɗin awo ta gane rabi da kwata, ba a kan allo ba. Idan za mu Kasuwar Barci ita ke riƙe kuɗi, ita ke taya yadi, ita ke ƙirga canji.

Abin da ba ki iya ba, ki nemi mai shi. Yaro mai kwance rediyo da fitila, Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da gyare-gyare, za ki kai shi, ko babansa ya kai shi, ya ga yadda ake naɗa waya da yadda ake walda. Ki koya masa ladabin wurin tun daga gida: ya rusuna ya ce "Sannu da aiki, Baba," kada ya taɓa kayan aiki sai an ba shi, kada ya jefa tambaya ana tsakiyar ciniki. Masu sana'a suna son yaro mai tambaya, amma ba sa son mara kunya. Kuma ki riƙa ɗan yi musu alheri, lokacinsu ne kike ci.

Mai son jirgin ƙasa, ga tashar Rigasa. Layin da ke zuwa Idu a Abuja an buɗe shi a 2016, tsawonsa kusan kilomita 186, sai ki sa shi ya lissafa gudun jirgin daga lokacin tashi da na isa. Mai son labarin da, ga Arewa House inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, ga kuma gadar Lugard a Gamji, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954. Kowace fita a dawo da zane ko rubutu, in ba haka ba yawo aka yi.

A Amurka wani malami mai suna John Holt ya yaɗa wannan ra'ayi a shekarun 1970, har wasu mabiyansa suka bar wa yaro komai, ba jadawali ba darasi. Ni ban kai can ba, kuma ba na ba da shawarar a kai. A gidana akwai abin da ba a tambayar ra'ayin kowa a kansa: Alƙur'ani bayan asuba, sannan awa ɗaya ta karatu da lissafi bayan karin kumallo, ko ana so ko ba a so. Hantsi zuwa azahar na sha'awa ne. Da yamma Islamiyya, inda suke cuɗanya da sa'anninsu, su yi faɗa su shirya, abin da uwa ba za ta iya koyarwa a tsakar gida ba.

Saura maganar doka da takarda, kuma kada ki yi wasa da ita. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Don haka kafin ki cire yaro daga makaranta ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ki ji matsayinsu. In ya zama dole ya zauna a makaranta, duk abin da na faɗa yana yiwuwa da yamma da ranakun hutu. Ki samu manhajar ajinsa ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ƙarshen kowane zango ki duba abin da tattabaru da tef ɗin awo ba su taɓo ba, ki cike shi da darasi kai tsaye ko ki ɗauko malami. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma wannan sai ƙarshen sakandare.

Sha'awa kuma tana mutuwa. Wata rana zai wayi gari ya ce ya gaji da tattabaru. Kada ki yi masa gori, kada kuma ki bar shi ya watsar da su: ya sayar, ya rufe lissafin littafinsa, ya rubuta abin da ya samu da abin da ya rasa. Daga nan sai ki koma mako biyun nan na lura.