Yadda ake fita da kare a keke ba tare da kowa ya ji ciwo ba

Yawancin karnukan gadi a Kaduna a ɗaure suke wuni, a bayan gida ko cikin keji, sai dare a sake su su zagaya ɗan filin tsakar gida. Karen da bai ƙona ƙarfinsa ba kuwa shi ne mai haushin banza har asuba, shi ne mai tona gindin katanga da yayyaga takalman yara. Nawa, Duna, ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida ubansa Alseshan, kuma tafiyar ƙafa ba ta isarsa. Ni zan gaji, shi ko haki bai soma ba. Dalilin da ya sa nake fita da shi a keke ke nan daga gidana a Malali.

Kafin komai, ba kowane kare ake ja da keke ba. Kwikwiyo ba a gudu mai nisa da shi, domin ƙasusuwansa ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara ɗaya, manyan jinsi ma sai wajen shekara ɗaya da rabi. Karnuka masu guntun hanci, irin Buldog da Fug, numfashinsu ba ya ɗaukar gudu. Masu kaurin gashi irin Kokeshiyan, da mutanenmu ke saye don kwarjini, an halicce su ne don sanyin duwatsu, rana kaɗan ke galabaitar da su. Alseshan yana iyawa, amma jinsin ya yi suna da matsalar ƙugu, saboda haka a kai shi likitan dabbobi ya duba tukuna. A nawa ganin babu kamar karen gida, irin na mafarauta: ga shi sakayau, ga jimirin zafi. In ka je wurin likitan, ka tabbata allurar rigakafin ciwon haukan kare ba ta wuce lokacinta ba. Za ka fita da shi cikin mutane ne, in tsautsayi ya sa ya yaƙushi yaron wani, takardar allurar ce za a fara tambayarka.

Sai maganar igiya, kuma nan ne ake karya haƙori. Kada ka riƙe igiyar a hannu, kada ka naɗa ta a kan keke. Akuya ɗaya za ta gilma, kare ya fizga, kan keken ya juya, sai ka tsinci kanka cikin kwata. Abin da ake yi shi ne a ɗaura wani guntun ƙarfe a jikin sandar da ke ƙarƙashin sirdi, ya miƙo gefe kamar kamu ɗaya, a bakinsa akwai sifirin, daga sifirin ɗin gajeriyar igiya zuwa jikin kare. Da yake nauyinka a kan sirdin yake, in ya fizga a wurin ba ya iya juya maka taya, sifirin kuma ya shanye ƙarfin fizgar. Akwai na kanti da ake odarsa ta intanet, amma ni mai walda ne ya haɗa min. Na ce ya goge bakin ƙarfen ya yi sumul, na sa masa tiyo don kada ya yanki ƙafata. Tsawon igiyar shi ne abin lura: kada ta kai kare ya iya shan gaban tayar gaba, kada kuma ta yi sako-sako ta shige cikin wayoyin tayar baya.

A jikin karen kuma ɗamarar ƙirji za ka sa masa, wadda ke zagaye kafaɗa da ƙirji, mai zobe a gadon baya. Abin wuya, musamman sarƙar nan mai shaƙewa, yana danne masa maƙogwaro daidai lokacin da ya fi bukatar iska. Haka takunkumin da ke rufe baki ruf. In dole sai ya sa, nemi mai kama da kwando wanda zai bar shi ya buɗe baki.

Kare a hannun dama yake tafiya. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mai keke yana gefen dama na titi, motoci da Keke Napep suna wuce shi ta hagu. In kare na damanka, kai ne tsakaninsa da su. Sai dai sarƙar keke ma a daman take, wanda ya sa ƙarfen nan ya zama dole don ya nisanta jelarsa da ita.

Koyarwar ba ta da wuya in ba ka yi gaggawa ba. Fara da tura keken da hannu a layinku, kare na gefe, har ya daina tsorata da ƙarar birki da ƙararrawa. A nan ne za ka koya masa kalmomi kaɗan, kullum da murya iri ɗaya: "mu je", "sannu", "tsaya", da "bari" in ya hango kaza. Sai ya riƙe waɗannan sannan ka hau, minti biyar zuwa goma a fili marar mota, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, kana kuma ba shi ranakun hutu a tsakani.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda mai keke ke saurin mantawa: kai kana zaune iska na kaɗa ka, shi kuwa gudu yake yi da ƙafa huɗu cikin gashi, dab da ƙasa mai zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, in ban da ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Kuma ba zai tsaya ya nuna maka ya gaji ba, zai yi ta binka har ya faɗi. Don haka shi ne ma'aunin gudun. Sassarfa ake so, ba sukuwa ba. In igiyar ta miƙe ta baya, wato kai ke jansa, taka birki nan take.

Ka riƙa waiwayensa. Harshe ya zubo ya yi faɗi, yawu ya yi kauri yana dalala, dasashi ya yi ja wur, ko ƙafafun baya sun fara tangaɗi, to zafi ya kama shi. Zafin jikin kare lafiyayye yana wajen digiri 38 zuwa 39, in ya haura 41 rai ake magana. Kai shi inuwa, kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, yi masa fifita, ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ka garzaya wurin likita ko da ka ga kamar ya farfaɗo. Ni ba na fita ba gorar ruwa da ɗan kwano a jakar baya.

Lokacin fita a garin nan sassafe ne. A watan Maris da Afrilu, da rana ta ɗan ɗaga an gama magana. Da yamma ma kwalta na riƙe da zafi har bayan magariba. Ɗora bayan hannunka a kai, in ba za ka iya barinsa daƙiƙa bakwai ba, tafin kare ma ba zai iya ba. Hunturu ya fi daɗi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri direba ba ya hango ka da wuri, kuma bushewar iska na tsattsaga tafin ƙafa. Ina jira sai an fito daga sallar asuba, masallata sun shige gida, gari ya ɗan yi haske. Mutane da yawa ba sa son kare ya shafi tufafinsu, kuma haƙƙinsu ne. In na hango dattijo ko 'yan makaranta a lungu, sauka nake yi in matse Duna jikin katanga su wuce.

Manyan tituna irin Ahmadu Bello Way ko wajen Kawo ba wurin wannan harka ba ne. Nemi layukan cikin unguwa masu shiru, ko hanyar burji a bayan gari, wadda ta fi kwalta taushi a ƙafa. A bakin Kogin Kaduna za ka iya cin karo da garken shanu. Juyawa ake yi tun daga nesa, kada ka ce za ka ratsa.

In kun dawo, ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ka duba tsakanin yatsu. Nan tsidau da ƙarangiya da ɓarɓashin kwalba ke maƙalewa, da damina kuma kaska, wadda ke son cikin kunne ma. Ruwa kaɗan-kaɗan har hakin ya lafa. Abinci kuwa a jinkirta kamar awa ɗaya, kuma kada a fita da shi da cikakken ciki, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya kumbura ya murɗe, ciwon da ke kashe kare cikin 'yan sa'o'i in ba a yi masa aiki ba.