Yadda Ake Zaɓen Dogon Lensi Don Hoton Wasanni da Namun Daji

Ranar da na fara ɗaura dogon lensi a kyamarata, filin dambe na nufa da shi ina taƙama, yara na biye da ni suna cewa ga mai bindiga. Lensin milimita 150-600 ne, sai da na sayar da babur ɗina kafin na cika kuɗinsa. Har zuwa la'asar sakaliya komai lafiya lau. Da rana ta faɗi aka kunna fitilu, manyan 'yan dambe suka fara fitowa, sai hotunana suka koma dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin man shanu. Wani abokin sana'a da ke tsugune a gefena da ɗan 70-200 ɗinsa, wanda bai kai rabin nawa jan nesa ba, shi ya koma gida da hoton kisan da aka yi a turmin ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai wannan naka na tsuntsaye ne." Tun daga ranar na daina kallon babbar lambar da ke jikin lensi, na koma tambayar kaina inda zan tsaya da kuma irin hasken da zan samu a wurin.

Mataki na farko: auna nisan da ke tsakaninka da abin da za ka ɗauka

Lambobin milimita su ne ke nuna ƙarfin jan nesa, kuma lissafinsu ba shi da wuya. A kyamara mai cikakkiyar sensa (farantin cikin kyamara da haske ke sauka a kansa ya zama hoto), wadda faɗinta milimita 36 ne tsayinta 24, idan abu yana nesa da kai da mita 50, lensi a kan 200 zai ɗauko fili mai faɗin mita 9. A kan 400 mita 4 da rabi zai ɗauko, a kan 600 kuma mita 3 kacal. Ke nan ɗan ƙwallon da ke tsaye a nisan mita 50 zai cika fiye da rabin tsayin hoton a kan 400, a kan 200 kuwa sai ka yi ta yanke hoton kafin a gane fuskarsa.

Sai ka ɗora wannan a kan wurin aikinka. Filin ƙwallon ƙafa yakan kai mita 105 a tsawo, 68 a faɗi. Wanda ya zauna bayan raga, 70-200 ya ishe shi duk abin da zai faru cikin yadi na sha takwas, amma da ƙwallo ta koma tsakiyar fili sai mai 400. Filin folo irin na Kaduna ko Katsina ya fi haka nesa ba kusa ba, tsawonsa ya kai mita 274, don haka a can 400 shi ne mafi ƙaranci, 600 ma ba ya yin yawa.

Hawan sallah kuma nasa daban ne, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Doki ba ya tsayawa a nesa. Yanzu ka hango mahaya a ƙarshen layi, kafin ka ƙifta ido sun yi sukuwa sun ja linzami a gabanka, ƙura ta turnuƙe. Mai lensin da ya fara daga 200 zai samu idon doki da rabin rawani ne kawai a daidai lokacin jafi, lokacin da kowa ke son hotonsa. Saboda haka kada ka duba ƙarshen zum kaɗai, wato babbar lambar da ke jikin lensi, ka duba farkonsa. Lensin da zai sauko zuwa 70 ko 100 ya fi amfani a Hawan Daushe fiye da wanda zai kai 600.

A daji ma haka abin yake. A Yankari daga cikin mota ake yawan ɗauka, ga duhuwar itatuwa, giwa kuma ba ƙaramar halitta ba ce. Idan Allah ya haɗa ka da garke kusa da hanya, 100-400 zai ba ka garken gaba ɗaya, ya kuma ba ka kan guda ɗaya. Amma mai bin tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru, inda dinya da gauraka ke tashi tun kana nesa, ko 600 aka ba shi zai ce a ƙara.

Idan kyamararka mai ƙaramar sensa ce, ka ninka lambar: sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm. Lensin 400 a kan ƙaramar Canon zai ba ka irin ganin da 640 ke bayarwa. Riba ce ga mai tsuntsaye, amma a filin hawa asara ce, don farkon zum ɗin ma ya ƙara matsewa.

Mataki na biyu: haske

A nan ne kuɗina suka tafi, don haka zan ɗan daɗe a kai. Lambar da ke bayan harafin f ita ce girman ƙofar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lensi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6, ninki biyar na mai f/6.3. Idan ka ga lamba biyu, kamar f/5-6.3, ta biyun za ka riƙe, don ita ce ƙofar da za ta rage maka idan ka ja zum zuwa ƙarshe, kuma a ƙarshen za ka fi zama.

Me ya sa abin ya dame mu? Domin tsayar da mai gudu a hoto sai shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta ƙifta da sauri, aƙalla 1/1000 na daƙiƙa ga ɗan ƙwallo ko doki, 1/2000 ga tsuntsun da ke tashi. Gajeren lokaci irin wannan haske kaɗan yake bari ya shiga, sai a cike gurbin da ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, shi kuma idan ya yi yawa hoto ya cika da tsaki-tsaki, launi ya mutu. Ga misali: a hasken da mai f/2.8 yake ɗauka da ISO 1600, mai f/5.6 sai ya kai 6400, mai f/6.3 kuma 8000. Sabbin kyamarori suna jure wannan, amma tsofaffin da suka fi yawa a hannun masu hoto a nan ba sa jurewa.

Mai shago zai nuna maka maɓallin hana rawa ya ce ai wannan ya gama magana. Canon na kiransa IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron VC, Sony kuma OSS. Yana aiki ƙwarai, amma rawar hannunka yake gyarawa. Gwankin da ke tsaye a inuwa da asuba, zai taimake ka ka ɗauke shi da shota mai jinkiri. Hannun ɗan dambe da ya taho da naushi kuwa babu ruwansa da shi.

To ka tambayi kanka tsakani da Allah: da rana kake aiki ko da dare? In wasanninka na ƙarfe huɗu na yamma ne da hawan safe, rana a ƙasarmu ba ta rowa, f/5.6 da f/6.3 sun wadatar. In kuwa ƙarƙashin fitila ne ko cikin rufaffen zaure, ka haƙura da jan nesa ka nemi f/2.8.

Mataki na uku: bakin kyamara

Wannan gajere ne amma kada a tsallake shi. Baki shi ne inda ake ɗaura lensi a jikin kyamara. Tsofaffin Canon masu madubi bakin EF gare su, sababbin RF. Nikon F da Z, Sony E. Lensin EF yana hawa kyamarar RF da adafta, na F ma yana hawa Z da adaftar FTZ, amma sabon lensi ba ya komawa kan tsohuwar kyamara. Sigma da Tamron suna yin lensi iri ɗaya da baki daban-daban, sai ka duba na wace kyamara aka miƙo maka.

Mataki na huɗu: tsamo biyu ko uku, ka ɗaga su da hannunka

Waɗanda ake yawan karo da su ba su da yawa. Akwai 70-200 f/2.8 na kowane kamfani, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi a tsofaffin samfura. Akwai Canon EF 100-400 na biyu, wanda ya fito a 2014, ya ɗan haura kilo ɗaya da rabi, kuma yana iya fokas a kan abin da bai kai mita ɗaya ba daga gare ka, har ƙadangare da fure za ka ɗauka da shi. Nikon 200-500 f/5.6 na 2015 kilo 2.3 ne, ƙofarsa ba ta canjawa daga farko har ƙarshe. Sigma 150-600 iri biyu ne: Contemporary bai cika kilo 2 ba, Sports kuwa ya doshi kilo 3. Tamron 150-600 G2 na 2016 wajen kilo 2 ne. A ɓangaren sababbi akwai Sony 200-600 na 2019, Canon RF 100-500 na 2020 mai sauƙin ɗauka amma ƙofarsa ta tsuke zuwa f/7.1 a ƙarshe, da Nikon Z 180-600 na 2023.

A takarda rabin kilo ba komai ba ne. Ɗaura lensin, ka ɗaga shi zuwa ido, ka tsaya haka minti biyar ba saukewa. In kafaɗa ta fara kuka tun a shago, ka tuna wasan ƙwallo minti 90 ne, hawa kuma yakan cinye wuni. Duk abin da ya kai kilo 2, ka sa kuɗin sanda mai ƙafa ɗaya da ake ɗora lensi a kanta cikin lissafinka tun yanzu.

Mataki na biyar: gwaji

Gani ya kori ji. Ka tafi da kyamararka da katinka, kada ka yarda a gwada maka a kan ta mai shago. Manna shafin jarida a bango, ka ja baya kamar mita 15, ka kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi. Ja zum zuwa ƙarshe, buɗe ƙofar haske iyakarta, ka ɗauka. A nan ne lensi ke nuna halinsa, don kusan kowanne yana fita garau a tsakiyar zum. Bayan haka ka duba a kwamfuta, ba a ɗan allon bayan kyamara ba, wanda ke yi wa kowane hoto kwalliya. Ka duba tsakiya, sannan kusurwa huɗu. Idan gefe ɗaya ya fita tar ɗaya ya yi dishi-dishi, gilashin ciki ya goce, galibi lensin ya taɓa faɗuwa. Ajiye shi ko nawa aka rage.

Da sassafe ake wannan gwaji in a waje ne. Da tsakar rana zafi na tashi daga kwalta yana sa iska rawa, sai ka ga hoton nesa ya narke ka ɗora wa lensi laifin da ba nasa ba. Hazon hunturu ma haka yake yi.

Saura fokas, wanda shi ne ran hoton wasanni. Fita bakin titi, sa kyamara a fokas mai bin motsi, ka zaɓi mai babur ko a-daidaita-sahu da ya taho wajenka, ka bi shi da ɗauka a jere har guda 20. Ƙirga nawa suka fita. Yi haka da lensi na biyu a wuri ɗaya, haske ɗaya. Wanda ya ba ka 16 ya fi wanda ya ba ka 9, ko da na biyun ya fi kaifi a kan jarida. Ka kuma lura ko yana ta kai da komo kafin ya kama. Yawancinsu suna da maɓallin da ke hana fokas dawowa kusa, kunna shi yana ƙara sauri sosai.

In na hannu ne, cire murfi biyun ka haska tocilan ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan ba ta fitowa a hoto, kada ta tsorata ka, sai dai ka nemi ragi da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke kama da saƙar gizo-gizo a jikin gilashi, da kuma hazo fari da ya lulluɓe shi. Juya bakin lensin ƙasa ka ga ko zum yana zamewa da kansa. Kunna hana rawa ka kara a kunne: ƙaramin sauti ba laifi, ƙarar gurzawa kuwa gyara ne ke jiranka.

Mataki na shida: ƙura

Masu rubutu kan lensi a Turai ba su cika damuwa da wannan ba, mu kuwa wata uku muke yi cikinta kowace shekara. Lensin da ke miƙewa yana komawa idan an juya zum, kamar su 150-600 da 100-400, iska yake zuƙa yana fesarwa kamar zuga-zugin maƙeri. Wanda zum ɗinsa ke motsi a ciki, kamar Sony 200-600, Nikon Z 180-600 da tsofaffin 70-200 f/2.8, tsawonsa ba ya canjawa, ƙura ba ta samun hanya da sauƙi, kuma nauyinsa ba ya rinjayar gaba. In farashi ya zo kusa, ni wannan nake fifitawa. In mai miƙewa ka samu, ka goge bututun kafin ka mayar da shi ciki, kada ka canja lensi a tsakiyar fili, kada kuma ka goge gilashi da bakin riga. Da damina a ajiye shi inda iska ke shiga, ba cikin jakar da ta sha raɓa ba.

Akwai kuma ɗan gilashin ƙari da ake sawa tsakanin lensi da kyamara. Mai 1.4 yana mayar da 400 f/5.6 ya zama 560 f/8, ya cinye rabin haske, kuma tsofaffin kyamarori da yawa ba sa iya fokas a f/8. Mai ninki 2 yana mayar da 70-200 f/2.8 ya zama 140-400 f/5.6, dabara ce mai kyau ga wanda daji sau ɗaya yake zuwa a shekara.

Da za a ce in ɗauki ɗaya tak, 100-400 zan ɗauka, don shi ne zai raka ni hawa da folo da Yankari ba tare da ya karya mini kafaɗa ba. Wanda abincinsa ke fitowa daga wasan dare da biki, 70-200 f/2.8 ne nasa. Mai tsuntsaye ya ɗauki 600 ɗinsa da sandarsa. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka tabbata an haɗa maka da murfi biyu, da hular gaba mai tare rana, da zoben da ake ɗaura sanda a jikinsa, don sayensu daban tsada gare su. Sannan ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni kwana uku in kai shi fili, in ya ƙi in dawo da shi," a kuma rubuta hakan a jikin rasit tare da lambar lensin.