Yadda ake sayen tsohuwar na'urar gem a Legas, a tashe ta, ta ci gaba da aiki

Duk wanda ya tashi a Agege ko Idi-Araba a shekarun 1990 ya san gidan gem: ɗan shago, benci biyu, talabijin mai ƙeya, yara cike har bakin ƙofa. Ka biya kuɗinka a miƙa maka hannu, wato abin dannawa, in an cinye ka ka tashi ka ba na bayanka. A irin wannan shagon na fara riƙe hannun Sega, yayana yana tsaye a kaina yana cewa, "Ƙasa, gaba, naushi! Yi sauri mana!" Bara ɗan ƙanwata ya ga hoton na'urar a wayata, ya ce, "Kawu, wannan har yanzu akwai ta?" Akwai ta, kuma a nan Legas. Sai dai yawancin waɗanda ake sayowa ba tsufa ke kashe su ba, wutar da ba tasu ba ce da danshin garin nan. Ga yadda nake bi.

Da farko, san abin da kake nema

Kada ka shiga kasuwa da "kowacce na samu". Wadda muke kira Famili Kom, mai kaset rawaya da aka rubuta wasa dubu tara da ɗoriya a jikinsa alhali bai fi guda ashirin da ake maimaitawa ba, kwaikwayon Famicom ce ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983. Kaset ɗinta haƙora 60 gare shi, na 'yar uwarta NES ta Amurka da Turai kuwa 72, don haka na wannan ba ya shiga waccan. Sega Mega Drive ta fito a Japan a 1988, ta isa Turai a 1990, a Amurka kuma Genesis ake ce mata. Sai Super Nintendo, sai PlayStation ta farko ta 1994 mai cin faifai. A na hannu akwai Game Boy ta 1989 mai batir huɗu, da Game Boy Color ta 1998, da Advance ta 2001.

In wannan ne sayenka na farko, shawarata Mega Drive ko Game Boy. Ba su da wani abu mai juyawa a ciki, ba ido mai karanta faifai da zai gaji, shi ya sa suke jure wahala.

Inda za ka dosa

Babbar kasuwar kayan lantarki ita ce Alaba International da ke Ojo, a kan hanyar Badagry. Wanda ke Agege kuma Computer Village ta Ikeja ta fi masa kusa, ko da yake can waya da kwamfuta ne suka fi yawa, sai ka yi tambaya. Ba shagunan gaba masu gilashi za ka nema ba. Masu kayan tokunbo za ka bi, da masu gyaran gem, don su ne ke da kwali a ƙarƙashin tebur cike da abin da suke ganin ya daina kawo kuɗi. Ka je da safe, ka je da batiranka sababbi, in kana da kaset ɗin da ka tabbatar yana aiki ka sa shi a aljihu. Kafin ma ka hau danfo, tambayi 'yan uwa. Sau da yawa abin da za ka je nema Ojo yana saman wadirof ɗin gidanku.

Ba gwaji, ba biya

A nan ne ake yin asara. Mai kaya zai ce maka, "Oga, tana aiki, jiya na gwada." Kada ka yi musu da shi, ka ce a kunna kawai. In an kunna, kada ka tsaya ga ganin hoto ya fito. Bar ta ta yi minti goma sha biyar ko ashirin, domin wata matsalar sai na'ura ta ɗumama take bayyana: hoto ya fara rawa, sauti ya shaƙe, ko ta tsaya cak. Danna kowane maɓalli na hannun, sannan ka cire shi ka soka a rami na biyu. Mutane na mantawa da ramin nan, alhali daɗin waɗannan wasannin mutum biyu ne.

PlayStation tana da nata gwajin. Sa faifai ka kalli bidiyon da ke buɗe wasan. In yana katsewa, ko ka ji motar ciki tana ta kai da kawo kafin ta karanta, idon ya gaji. A gidan gem akan kifa ta ko a jingine ta a tsaye ta ci gaba da karantawa, kuma dabarar takan yi, amma alama ce ta cewa akwai kuɗin gyara a gabanka, sai ka rage shi daga farashi tun yanzu.

Game Boy kuwa, kunna ta da kaset a ciki. Sunan Nintendo zai sauko daga sama, ta yi ƙara ɗaya. In rubutun ya fito a dagule, yawanci datti ne a haƙoran kaset, abu mai sauƙi. In wasu layuka a tsaye sun ɓace daga allon, mai gyara da ya san aikinsa yana dawo da su da ɗumin ƙarfen walda. Amma in ka ga tsakiyar allon ya yi duhu kamar an ƙona shi, fatar da ke kan gilashin ce zafi da danshi suka lalata, sai an canja ta. Buɗe murfin batir ka duba ko akwai farin gari ko kore a kan ƙarafan.

Ta kwaikwayo ba laifi ba ce, yawancinmu da ita muka girma. Laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin ta asali. Ɗaga ta ka ji nauyi: ta kwaikwayo sau da yawa shafal take, robarta sirara, rubutun ƙasanta a dushe.

Wuta: karanta kafin ka soka

Wannan matakin ya fi duk sauran, kuma da hannuna na koyi darasinsa. Na taɓa sayo PlayStation mai kyau, na iso gida cike da ɗoki, na soka ta a bango. Ƙara ɗaya ta yi, sai warin ƙuna. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, don rubutun da zai cece ta yana manne a ƙasanta ban duba ba.

Wutar gidajenmu 230V ce. Ta Amurka 120V, ta Japan 100V. Na'urar da aka ƙera don can, in ta sha tamu kai tsaye, ta tafi. A PlayStation ta farko duba lambar da ta fara da SCPH. In ta ƙare da 2, kamar 5502 ko 7502 ko 9002, ta Turai ce, wutarmu ta dace da ita. In ta ƙare da 1 ta Amurka ce, in da 0 ta Japan, waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ake samu a wajen masu kayan lantarki. Ko an ce maka an riga an juya ta, sa mai gyara ya tabbatar.

Masu kaset adaftarsu a waje take, kuma a nan tarkon ya fi ɓoyuwa, domin kan waya zai shiga rami lafiya lau amma wutar ba ita ba ce. Adaftar NES wutar AC take fitarwa. Famicom da Mega Drive kuwa DC suke ci. Ka soka ta NES a jikin ɗayansu, ka ƙona ta. Bayan haka akwai ɗan zanen da ke jikin adafta mai alamar + da −, wanda ke nuna wanne ne a tsakiyar kan wayar. Mega Drive ta farko tsakiyarta − ne, ta biyu kuma + ne da ƙaramin kai. Gwada zanen adafta da na jikin na'ura, su zama iri ɗaya sak. In ba ka gane ba, ɗauki duka biyun ka kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita, aikin minti biyu ne.

Sannan halin wutar gari da kowa ya sani. Sa sitabilaiza tsakaninta da bango. In an ɗauke wuta zare ta, kada dawowar ta same ta a soke. In janareto za a tayar, bari ya daidaita tukuna.

Haɗa ta da talabijin

Waya mai kai uku za ka nema: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Ta fi wayar eriya tsabtar hoto nesa ba kusa ba. In hoto ya fito fari da baƙi, kada ka ce na'ura ta lalace. Tsarin talabijin ɗinmu PAL ne kamar na Ingila, na Amurka da Japan kuwa NTSC. Shiga saitin launi ka canja, yawancin talabijin na cin duka biyun. Akwai ma bambancin gudu: PAL sau 50 take sabunta hoto a daƙiƙa, NTSC sau 60, shi ya sa Sonic na Turai ya fi na Japan tafiyar hawainiya da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansa.

In da hali, nemi tsohuwar talabijin mai ƙeya, ko 'yar inci 14 ce. Ba son tsohon abu kawai ke sa ni faɗin haka ba. Don ita aka zana wasannin, kuma da ka danna take nunawa. Ta zamani da ake rataye wa a bango sai ta sarrafa hoton tukuna, wannan ɗan jinkirin kuma shi ne ke jefa Mario rami kana ganin ka yi tsalle a kan lokaci. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt ma sam ba ta aiki da ta bango saboda wannan dalilin. In ta bangon kaɗai gare ka, sa ta a saitin gem, ka mayar da faɗin hoton 4:3. Wadda ba ta da ramin rawaya kuma sai an haɗa da ƙaramin akwati mai juya hoton zuwa HDMI.

Wanki

Dukkanmu mun hura kaset da baki, kuma mun rantse yana aiki. Abin da ke aiki shi ne cirewa da mayarwa, iskar bakin kuwa danshi take bari a kan haƙora, tsatsa ta biyo baya. Samo sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi, da audugar goge kunne. Jiƙa ta kaɗan, goga haƙoran gefe da gefe har auduga ta daina yin baƙi, bari ya bushe. Rabin kaset ɗin da aka ce sun mutu da wannan suke tashi.

Hannun da maɓallinsa ya yi tauri, kwance shi da sukundireba, goge baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin robar da wurin da yake taɓawa. Ɗauki hoto da waya kafin ka zazzage kayan ciki. Farin garin batir kuma ruwan khal ke narkar da shi, ɗigo kaɗan a auduga, sannan ka bi da sifirit.

In kaset ɗin Game Boy, irin su Pokémon, ya daina ajiye inda ka tsaya, ƙaramin batir ne a cikinsa ya ƙare. Lambarsa tana rubuce a jikinsa, CR1616 ko CR2025, kuma da walda aka manna shi, don haka aikin mai gyara ne. Ka sani duk abin da aka ajiye a ciki zai tafi da tsohon batirin.

Ajiya

Legas ba Kano ba ce. Can ƙura ce abokiyar gaba, nan danshi ne da iskar teku mai gishiri, musamman da damina. Sa na'ura da kaset a robar da ke rufuwa gam, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Kada ka ajiye a ƙasa in unguwarku ruwa na shiga gida. Cire batir daga Game Boy duk lokacin da za ka ajiye ta, ka kuma riƙa kunna kowacce lokaci zuwa lokaci.

Me za ka fara sawa?

A Sega, ni ba na wuce Streets of Rage 2 na 1992, wanda da yawanmu muka sani da sunansa na Japan, Bare Knuckle II. Mutum biyu ne a gefe ɗaya, kuna bin titi kuna rabon nama da tuffa in jini ya ragu, a nan ake gane mai son kansa. In Mortal Kombat ko Street Fighter II ne a ranka, nemi hannu mai maɓalli shida, mai uku zai wahalar da kai. Masu ƙwallo su nemi International Superstar Soccer Deluxe a Super Nintendo, ko Winning Eleven a PlayStation, amma su haɗa da katin ajiya. A Game Boy, Tetris kaɗai ya isa ya raka ka daga Agege zuwa Obalende a cikin cunkoso.

Da ɗan ƙanwata kuwa Contra muka fara. Kafin wasa ya buɗe na danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan na zaɓi mutum biyu, kowannenmu ya samu rai 30. Ya ƙarar da nasa kafin mu fita daga matakin ruwan da ke zubowa daga dutse, ya fara cin nawa. Da aka kira magariba na kashe, ya riƙe hannun bai saki ba, ya ce, "Kawu, bayan isha'i za mu ƙarasa ko?"