Matakan ɗaukar mai gina shafin intanet a Maraɗi

Masu shaguna sun yi ta tambayar yadda za su ɗauki mai gina musu shafin intanet. Ga matakan:

1. Rubuta abin da kake so: shafuka nawa, da Hausa ko Faransanci.
2. Nemi adireshin shafuka 3 da ya taɓa ginawa.
3. Buɗe su a wayarka. In suna nauyin buɗewa, masu sayayya ba za su jira ba.
4. Ku rubuta yarjejeniya: kuɗi, ranar gamawa, gyara sau nawa.
5. Ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku kawai.

Hattara: sunan shafin, wato adireshinsa mai ƙarewa da .ne ko .com, a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka. In nasa ya sa, ranar da kuka saɓa shafin ya kuɓuce maka.

6. Karɓi kalmomin sirri na shafin daga wurinsa.
7. Canza su kafin ka cika kuɗin.