Juya jitar lantarki don bahago: kurakuran da aka fi yi

Bahagon da ke son koyon jitar lantarki a Birnin Kebbi, ko Zuru, ko Yauri, da wuya ya shiga shago ya tarar da wadda aka ƙera domin hannunsa. Abin da ke shigowa galibi 'yan Kwatano ne, kuma kusan dukkansu na masu dama ne. Sai ya saya, ya kwance tsirkiyoyin nan shida, ya kifa jitar, ya mayar da mai kauri sama, siririya ƙasa, yana ganin aiki ya ƙare. Bayan kwana biyu sai ƙorafi: "Jitar nan ba ta zama a saiti." Jitar lafiyarta lau. Tun daga masana'anta an yi mata ɓangaren kauri da ɓangaren siranta, kuma wannan bambanci yana cikin da yawa daga kayan da ke jikinta. Wanda ya sauya wa tsirkiya wuri dole ya bi sauran kayan ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yin sa. Jita mai ƙirar Les Paul tsaga ɗaya gare ta a gindin wuya, inda hannu ke shiga ya kai ga muryoyin sama. Kana kifa ta tsagar ta koma sama, katako ya tare maka hannu. Mai ƙirar SG ƙahonninta biyu kusan daidai suke, ita ta fi karɓar juyi. Stratocaster na tsaka-tsaki, kuma da irinta makaɗin Amurka Jimi Hendrix ya yi suna kafin rasuwarsa a 1970: ta masu dama ce ya kifa, ya sake jera tsirkiyoyin. Albert King kuwa, shi ma makaɗin Amurka, kifawa kawai ya yi, ya bar siririya a sama, ya koya a haka. Hanya ce ita ma, amma ban ba ɗan koyo shawarar bin ta ba, domin duk zanen yatsu da zai gani a waya ko wurin malami zai zo masa a birkice.

Babbar matsala tana wurin ɗan ƙashin nan da ke bakin wuya, mai tsagogi shida, wanda tsirkiyoyi ke hawa kafin su kai ga kunnuwan ɗaurewa. Kowace tsaga an yanka ta daidai kaurin tsirkiyarta. A jerin da aka fi amfani da shi, mai kauri inci 0.046 ce, siririyar kuma inci 0.010, wato fiye da ninki huɗu ke tsakaninsu. In ka juya ba ka taɓa ƙashin ba, mai kauri za ta ɗare bisa ƙaramar tsaga ba ta shiga ba, ta yi tsayi, danna ta ya zama wahala kuma muryarta ta haura. Siririyar kuma ta faɗa cikin faffaɗar tsaga tana lilo, tana zizar da ba ka nema ba.

A nan mutane kan yi ɗaya daga cikin gyara biyu marasa kyau. Wasu su ɗauki reza ko magagari su faɗaɗa ƙaramar tsagar, sai su zarce ƙasa, tsirkiya ta kwanta kan ƙarfen farko, wato na farko cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar. Wasu su cire ƙashin su juya shi baki ya koma baya. Wannan na biyu yana da kamar dabara, amma ƙasan kowace tsaga gangare ne da ke sauka wajen kunnuwa, domin tsirkiya ta tashi daga gefen da ke fuskantar wuya. Juya shi na sa gangaren ya fuskanci inda bai dace ba, tsawon tsirkiya ya canja, saiti ya lalace. Gyaran gaskiya shi ne sabon ƙashi: ko a yi odar na hagu, ko a sami busasshen ƙashin ƙafar saniya wurin mahauta, a dafa shi a fitar da maiƙo, a goge shi daidai girman tsohon, a yanka tsagogi sannu a hankali. Kafin cire tsohon, a bi gefensa da reza don kada fenti ya ɓantale. Wajen mannawa ɗigo ɗaya ko biyu na gam ya isa. Na ga jitar da aka cika wa sufa gulu har sai da katako ya biyo ƙashin da aka zo sake cirewa, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Don gwada zurfin tsaga, danna tsirkiya a gida na uku (gida shi ne sararin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wuya) ka duba ƙarfe na farko: ya kamata a ga ɗan sarari kamar kaurin takarda.

Sai jaki, inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar. Mai molo ya san in jaki ya gusa ko kaɗan murya ta tafi, to haka nan ma, sai dai a nan kowace tsirkiya da nata ɗan jakin da sukurunsa. Masu kauri suna bukatar a ja nasu baya, sirara a matso da su gaba, kuma juyi ya birkita wannan jeri. Shi ya sa za ka ji jita daidai in an kaɗa ta a sake, amma da ka hau tsakiyar wuya sai ta fara ƙarya. Saukar da manhajar saiti a waya, ka daidaita tsirkiyar a sake, sannan ka danna gida na 12. In muryar ta haura, ja jakin baya, nesa da wuya. In ta gaza, matso da shi gaba. Bayan kowane juyin sukuru sake saita tsirkiyar kafin ka sake gwadawa; tsallake wannan ne ke sa mutum ya wuni yana zagaye wuri ɗaya. A jitoci masu ƙirar kamfanin Gibson, irin su Les Paul da SG, an dasa gadon jakin a karkace, ɓangaren kauri ya fi nisa, don haka bayan juyi sukurun kan ƙare bai kai inda ake so ba. Wani lokaci cire ɗan jakin a juya fuskarsa na ƙara tazara. In bai isa ba, aikin ya koma na cike ramuka da sake huda, kuma wannan sai gwani.

Tsayi ma a sake shi: kusan milimita 2 tsakanin mai kauri da ƙarfe na 12, siririya kuma ƙasa da haka kaɗan. Mayen ƙarfen da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi a sauke shi ta sabon ɓangaren kauri, a ɗaga ɗaya gefen, in ba haka ba masu kauri su danne sauran a lasifika.

Maɓallin maratayi yana komawa ƙasa, dole a dasa shi a ɗaya ƙahon. Kada a murɗa sukuru kai tsaye cikin katako, fenti zai tsage. A fara huda ɗan siririn rami tukuna. A Stratocaster ƙahon da ya dawo sama gajere ne, wuya zai riƙa rinjaya ƙasa, maratayin fata mai faɗi yana rage wannan, kuma dukawanmu za su ɗinka maka shi.

Akwai abubuwan da ni a ganina a bar su yadda suke. Maɓallan ƙara murya za su dawo ƙarƙashin damtsenka, kana kaɗawa kana murɗa su ba da sani ba. Kafin ka kai wa mai gyaran rediyo ya fara huda sababbin ramuka, gwada cire hular maɓallin da ya fi damunka, ka sa wa igiyar lasifika kai mai lanƙwasa, ka zagayo da ita ta bayan maratayi. Ɗigon alamar da ke gefen wuya su ma sun koma ƙasa inda ido ba ya gani; ɗan farin fenti a gida na 3, 5, 7, 9 da 12 ya wadatar.

In kuma a cikin hunturu ka yi aikin, ka sani katako na tsukewa da bushewar iskarmu, wuya na motsi, don haka saitin da ka yi a Janairu zai nemi dubawa in damina ta sauka. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake daidaita lanƙwasarsa da ita, ba a murɗa ta fiye da rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, sai a bar katakon ya kwana kafin a ƙara.

Wanda bai riga ya saya ba kuma yana da ɗan hali, ya lissafa kuɗin ƙashi, tsirkiyoyi sababbi da ladan mai gyara, ya kwatanta da farashin ta hagu ta asali in za a kawo masa daga Legas ko Kano. Mdou Moctar na Nijar, maƙwabcinmu, bahago ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau kuma Stratocaster ta hagu yake riƙewa. In tazarar kuɗin ba ta da yawa, sayi ta hagun. In tana da yawa, fara da ƙashin wuya, sannan jaki, sannan saura.