Darasi na 7: Koya wa Yaro Sanin Abin da Ke Cikin Kwanonsa

Yaro kan ci tuwo har cikinsa ya yi tim, amma jikinsa bai sami abin da yake bukata ba. Tuwo ƙarfi yake bayarwa. Girma da lafiya kuwa sai an haɗa shi da wasu abubuwa, kuma yawancinsu suna nan a gidajenmu da gonakinmu.

Ma'aikatan lafiya sun kasa abinci kashi 3. Kamar duwatsun murhu suke, in babu ɗaya tukunya ba ta zama.

Kashi na farko shi ne mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, doya, dankali, da mai irin su man gyaɗa da man shanu. Wannan ba ma wasa da shi, kullum yana kan wuta.

Kashi na biyu shi ne mai gina jiki. A nan ne muka fi sakaci, domin da an ce gina jiki sai mutum ya tuna nama, ya tuna aljihunsa, ya haƙura. Alhali wake ma yana gina jiki. Haka gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, nono, ƙwai, busasshen kifi, har da fara. In an haɗa hatsi da wake, kamar a shinkafa da wake ko kunu da ƙosai, amfaninsu ya fi a ci kowanne shi kaɗai. Wasu iyaye suna hana yaro ƙwai, wai zai koyi sata. Wannan camfi ne. Dafaffen ƙwai yana cikin abin da ya fi amfanar yaro mai tasowa. Haka kuma tsokar da ke cikin miya, kada a tattara ta duka a kwanon maigida. Wanda ƙashinsa ke girma yana da rabo a ciki.

Kashi na uku shi ne mai tsare jiki daga cuta: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuka, kuɓewa, da 'ya'yan itace irin su lemo, gwaiba, magarya da goruba. Kabewa, karas, mangwaro, gwanda da manja suna da bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, wato yaro ya kasa gani in duhu ya fara. Gishiri kuwa a sayi mai aidin, domin rashin aidin ne ke jawo maƙoƙo.

Yadda za a koyar

Yaro ba ya riƙe dogon bayani. Abin da ya taɓa da hannunsa shi yake tunawa. Ku sami faifai 3 ku ajiye a kan tabarma. Ku kawo ɗan gero, ɗan wake, ƙuli-ƙuli, ganyen zogale, dankali, lemo, duk abin da ya samu. Ku ce, "Wannan faifan na ƙarfi ne, wannan na girma, wannan na lafiya." Sai kowane yaro ya ɗauki abu ɗaya, ya faɗi sunansa, ya sa shi inda ya dace. In ya yi kuskure kada a tsawata masa. A tambayi 'yan'uwansa, su za su gyara.

Da dare in an zuba abinci, uwa ta tambaya: "Auta, me ke cikin kwanonka?" In ya ce tuwon dawa da miyar kuka, ta ce, "To, ina na girma?" Shi da kansa zai tuna da daddawa, ko ya ce babu. In babu, gobe a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli ko a jefa ɗan kifi a miya.

A kula da kuɗin tara da ake ba 'yan makaranta. Alawa, biskit da lemon kwalba suna kashe kwaɗayi, suna ɓata haƙori, ba sa gina komai. Kuɗin nan zai sayi awara, ƙosai ko gyaɗa. A fita da yaro sau ɗaya a nuna masa. Kuma a saba masa da wanke hannu da sabulu kafin ya ci, don gudawa tana kwashe duk amfanin abin da ya ci.

Jariri hukuncinsa daban ne. Nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a fara kunu mai kauri da aka sa wa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken soya, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. In yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, alamar tamowa ce. A kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Aiki

Rubuta abin da aka ci a gidanku jiya, daga safe zuwa dare. A gaban kowanne rubuta "ƙarfi", "girma" ko "lafiya". Ja layi a ƙarƙashin kashin da ya yi ƙaranci, sannan ka rubuta abu 2 masu araha da za su cike gurbinsa. A kawo littafin aji mako mai zuwa.