Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Dabbobin Teku Daga Gaɓa

Wanda ya tsaya a bakin teku a Legas, Akara, Jidda ko Fot Sudan, ba kasafai yake ganin dabbar ruwa gaba ɗayanta ba. Abin da yake gani baƙin abu ne da ya ɓullo na ɗan lokaci, sannan igiyar ruwa ta rufe shi. Yawancin kurakurai daga nan suke farawa, domin mutane suna yanke hukunci da ganin farko, alhali kuwa motsin dabbar da yanayin numfashinta sun fi siffarta bayyana ko wace ce. Gyaran shi ne a yi haƙuri a jira ta sake ɓullowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk wani fiffiken gadon baya da ya keto ruwa a matsayin na kifin shak. Dolfin ma yana da irin wannan fiffike, amma shi dabba ce mai shayarwa, dole ne ya fito ya shaƙi iska ta kafar da ke saman kansa, don haka bayansa yakan gantsaro sama ya sake nutsewa, a kai a kai. Shak ba ya buƙatar iskar sama, saboda haka fiffikensa yakan tafi a miƙe ba hawa ba sauka. Jela ce ke raba gardama. Ta shak a tsaye take, yana kaɗa ta dama da hagu, har wani lokaci a ga tsininta yana biye da fiffiken a baya. Ta dolfin kuwa a kwance take, sama da ƙasa yake buga ta. Sai dai kada ganin dolfin ya sa mai ninƙaya ya saki jiki, domin zancen da ake yi cewa inda yake shak ba ya zuwa ba gaskiya ba ne. Sau da yawa garken kifi ɗaya suke bi.

Akwai kuma ruɗani tsakanin ayu da ɗan uwansa dugon. Ayu, wanda masunta suka sani a kogin Neja da na Binuwai, yana rayuwa har a tafkunan gaɓa da bakin koguna na Yammacin Afirka, kuma jelarsa mai faɗi ce zagayayya kamar faifai. Dugon yana Bahar Maliya da Tekun Indiya, jelarsa a rabe biyu irin ta dolfin. Yankin Dungonab na Sudan, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 2016, yana cikin matattararsa. Wuri kaɗai ya isa ya warware wannan, tunda babu dugon a Tekun Atlantika, babu kuma ayu a Bahar Maliya. Dukansu biyu ba su da fiffike a baya, kuma sau da yawa hanci kawai suke turowa su ja iska su koma.

Ƙiyasin girma ma yana yaudarar ido, musamman idan babu abin da za a gwada da shi, don haka ya kyautu a kwatanta abin da aka hango da kwalekwalen da ke kusa. Feshin da ke tashi sama daga nesa a Mashigin Gini, tun daga wajen Yuli zuwa Oktoba, galibi numfashin wel ne, wato manyan dabbobin teku masu shayarwa, masu zuwa haihuwa daga ruwan Antatika.

Kuskuren da ya fi ɓarna, a ganina, shi ne wanda ake yi a kan yashi. Idan kunkurun teku ya fito da dare a wuri irin Ada Foah na ƙasar Gana, mutane sukan zaci ya ɓata hanya ne ko yana cikin wahala, musamman da suka ga ruwa na zuba daga idonsa. Mace ce ta zo yin ƙwai, ruwan idon kuma gishirin da ya yi mata yawa ne jikinta ke fitarwa. Haska ta da tocila ko kewaye ta yana iya sa ta koma ruwa ba tare da ta yi ƙwan ba.

Dolfin da ya kwanta a gaɓa kuwa lamarinsa daban ne, domin yawanci rashin lafiya ko rauni ne ya kawo shi, kuma tura shi ruwa da ƙarfi ba ya warkar da shi. A watan Afrilun 2021 dolfin masu yawa sun fito gaɓar Axim a Gana, wasu mutane suka kwashe su a matsayin nama, har sai da hukumomi suka yi gargaɗin kada a ci saboda ba a san abin da ya same su ba. Abin da ya dace shi ne a ja da baya, a ɗauki hoto tare da lura da lokaci da wurin, a sanar da jami'an kula da kamun kifi ko na namun daji.